Ya ba dabbarsa kau-da-bara bayan na saita ta: zan ja kati ko ba zan ja ba?

Sadiq Pantami: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya a kan wasan katin Magic: The Gathering, a taimaka a raba mana gardama ni da Usman. Na buga Electrolyze, katin da ke yin duka 2, na ce dukan nan biyu duk a kan dabbarsa mai 2/2, wato ƙarfi 2 juriya 2. Kafin katina ya sauka ya amsa da Blossoming Defense, dabbar ta samu ƙarin 2/2 da hexproof, wato kau-da-bara yadda muke ce masa a nan, kariyar da ke hana abokin gaba saita ta. Na yarda dabbar ba za ta mutu ba. Amma a ƙasan Electrolyze an rubuta a ja kati ɗaya. Na miƙa hannu zan ja, ya ce a'a. Ina ruwan jan kati da dabbarsa?

Usman Kashere: Wa alaikumus salam. Haka aka yi, bai ƙara komai ba. Ni dai abin da na sani, katin da ya rasa abin da ya saita ya tashi a banza gaba ɗayansa.

Ummi: Ni ma da ni ce zan ja. Layi biyu ne daban a kan katin ai.

Hamma Buba: Wa alaikumus salam. Usman ne da gaskiya, Sadiq ba ka da kati. Amma kada mu tsaya a nan, don tambayar nan tana dawowa da sabuwar riga kusan duk lokacin da aka zauna. A Magic sau biyu ake duba saiti. Na farko lokacin da kake buga katin: kafin ka biya kuɗinsa sai ka faɗi abin da ka saita, kuma dole ya kasance abin da doka ta yarda a saita a wannan lokacin. Daga nan katin ya hau tari, wato jerin katunan da aka buga ba su fara aiki ba tukuna, yana jira. Abokin wasanka yana da damar ɗora nasa a kai, kuma wanda ya hau ƙarshe shi yake fara sauka. Idan layi ya zo kan naka, sai a sake dubawa karo na biyu: abin da ka saita yana nan? Har yanzu ya halatta a saita shi? Idan duk abubuwan da katin ya saita sun zama haramtattu, katin ba ya aiki ko kaɗan, maƙabarta, wato inda ake ajiye katunan da aka gama da su, zai wuce kai tsaye, har da sauran layukan da ba su shafi saitin ba. Duk mai son gani da idonsa ya buɗe cikakkun dokokin da Wizards of the Coast suke wallafawa, lamba 601.2c ita ce ta dubawar farko, 608.2b ita ce ta biyu, sashe na 115 kuma duk a kan saiti yake.

Sadiq Pantami: Hamma, ni a Master Duel na Yu-Gi-Oh! ba haka na saba ba. Can in ka riga ka saita dodo, ko ya samu kariya daga saiti a cikin sarƙar, aikinka yana nan. Saiti an riga an yi shi, ya wuce.

Hamma Buba: Gaskiya ka faɗa, kuma nan ne asalin saɓaninku. A Yu-Gi-Oh! kariyar "ba a iya saita shi" tana aiki ne lokacin kunna kati kawai. Wanda ya makara ya makara. A Magic kuwa ana sake tambaya a ƙarshe. Wasa biyu ne, kamfani biyu, Konami da Wizards, kowa da tsarinsa. Duk wanda ya shigo daga Master Duel ko Duel Links sai ya ci karo da wannan.

Adda Fa'iza: Sadiq, ga abin da zai fi maka amfani a kan sanin wa ya yi daidai. Electrolyze yana ba ka damar raba dukan a kan abu ɗaya ko biyu. Da ka ce ɗaya a kan dabbar, ɗaya a kan Usman kansa, ko ya ɓoye dabbar, saitinka na biyu yana nan da ransa. Katin zai sauka, Usman ya rasa rai ɗaya, kai kuma ka ja katinka.

Sadiq Pantami: Adda, amma duka ɗaya ba zai kashe mai juriya 2 ba ai.

Adda Fa'iza: Shi ne zaɓin. Ko ka zuba duka a kan dabbar ka ɗauki kasadar asarar komai, ko ka raba ka tabbatar da katinka. Ka ga yana da koren fili ɗaya, katin da ake kwantarwa a biya kuɗin buga kati, a tsaye bai kwantar ba, ga kati a hannunsa. Wannan filin magana yake yi maka.

Ummi: To idan ya raba ɗaya-ɗaya ɗin, dabbar ta ɓuya, dukanta ba sai ya koma kan Usman ya zama biyu ba?

Adda Fa'iza: A'a ƙanwata. Rabon ma tun wajen bugawa ake faɗinsa, kuma kowane abin da aka saita sai an ba shi aƙalla ɗaya. Ba a sake rabo daga baya. Kason dabbar ya zube ke nan.

Sadiq Pantami: Na ji dokar, zan bi ta. Amma ban yarda adalci ba ce. Na biya filaye uku, shi ya biya ɗaya. Ya ceci dabbarsa, ya cinye min kati, ya kuma hana ni ja. Riba uku da fili ɗaya. Me zai hana a ce sashen da ya lalace ya faɗi, sauran ya yi aiki? Ai haka ake yi in saiti biyu ne ɗaya ya lalace, kun faɗa da bakinku yanzu.

Usman Kashere: Ni ma ba kyauta na samu ba. Na hana kaina buga wata dabbar a zagayena don in bar filin nan a tsaye. Da ba ka buga komai ba, na yi asarar zagaye.

Malam Jibo: Ina karanta ku tun ɗazu. Ni ina bayan Sadiq a nan, ba don dokar ba ta fito fili ba, sai don tana wahalar da sabon shiga. Yaro ya karanta kati, ya ga an ce ja kati, ba a ce "in dukan ya samu" ba. Babu inda katin ya gaya masa cewa layi na biyu yana rataye da na farko. Doka mai kyau ita ce wadda za ka gane daga abin da ke hannunka.

Hamma Buba: Malam, ƙorafinka yana da tushe, ban musa ba. Amma duba abin da za a rasa in aka cire ta. Ɗauki Swords to Plowshares: ka kori dabba daga wasa, mai ita ya samu rai gwargwadon ƙarfinta. In dabbar ta kuɓuce, za a ba shi ran ne ko ba za a ba shi ba? A nan kowa zai ce a'a, don a bayyane yake layi na biyu ya dogara da na farko. To wa zai zauna ya tantance a cikin dubban katunan da aka buga tun 1993 wane layi ne ya dogara da wane? Kowane tebur sai ya yi nasa hukuncin. Doka ɗaya da ta ce in babu saiti ko ɗaya da ya rage to babu kati, ta kashe wannan gardamar duka. Sannan ita ce take ba kore da fari abin kare kansu. Shuɗi yana da Counterspell, yana soke kati kai tsaye. Kore ba shi da irin wannan, abin da yake da shi shi ne ya janye dabbarsa daga bakin bindiga a daidai lokacin. In ka rage wa wannan amfani, ka ƙara wa masu ja da baƙi ƙarfi ne, su da suka riga suka fi kowa kayan kisa.

Malam Jibo: Hujjar launuka ta fi shiga min a kan ta farko. Amma ina nan a kan cewa duk wanda zai koya wa wani wasan nan, ranar farko ya kamata ya gaya masa wannan, ba sai an cinye shi da ita ba.

Adda Fa'iza: Wannan kam babu jayayya Malam.

Ummi: Tunda an buɗe maganar, ni abin da ya fi ɗaure min kai daban ne. Yayana yana da Carnage Tyrant, 7/6, ga kau-da-bara, ga ba a soke shi. In ya sauko sai in tattara katunana kawai. Murder ɗina ba ya taɓa shi, a Arena ma, wato Magic na kwamfuta da waya, ko ka ja katin zuwa kansa ba ya kamawa. Me ake yi da irin wannan?

Usman Kashere: Wrath of God.

Ummi: Ai shi ma kisa ne. Ya za a yi Murder ya kasa shi kuma ya iya?

Adda Fa'iza: Ɗauko su biyun ki ajiye gefe da gefe. A kan Murder za ki ga kalmar target kafin a ambaci dabbar. A kan Wrath of God babu ita, cewa kawai ya yi a hallaka dukkan dabbobi. Kau-da-bara ba maganin mutuwa ba ne, abu ɗaya tak yake hanawa: abokin gaba ya nuna dabbar ya ce wannan nake nufi, da kati ko wani iko mai ɗauke da waccan kalmar. Abin da ya share fage duka bai nuna kowa ba. Haka Pyroclasm, duka 2 ga kowace dabba, zai kashe Slippery Bogle duk da kau-da-baransa in ba a riga an tula masa kaya ba.

Hamma Buba: Ga hanya ta biyu, kuma tunda baƙi kike riƙewa ita ta fi kusa da ke: Diabolic Edict. Yana da saiti, amma ɗan wasa yake saitawa, ba dabba ba. Ya ce wane ya sadaukar da dabba ɗaya, shi zai zaɓa da hannunsa. In Carnage Tyrant ce kaɗai a gabansa, ita zai bayar ko yana so ko ba ya so. Aikinki shi ne ki fara share ƙananan da Murder, sannan ki kawo Edict. In kika yi gaggawa yana da ƙaramar dabba a gefe, ita zai miƙa miki.

Sadiq Pantami: Wannan kam daidai yake da namu. Raigeki da Dark Hole ba sa saiti. Fissure ma dodo ɗaya yake kashewa, mafi ƙarancin ATK, wato ƙarfin kai hari, a wajen abokin gaba, amma ba saiti ba ne tunda ba kai ka nuna shi ba. Tun 2011 da Konami suka gyara yadda ake rubuta katunan, in akwai saiti za ka ga an rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Hamma Buba: To ka ga a wannan gaɓar wasannin biyu sun haɗu. Kuma a Magic a kula da katunan da suke cewa ka zaɓa ba tare da waccan kalmar ba. Clone yana shigowa a matsayin kwafin kowace dabba da ke fage, har mai kau-da-bara, don zaɓi ne ba saiti ba. Kuma zaɓin sai lokacin da yake sauka ake yinsa, abokin wasa ba ya sanin wadda za ka kwafa balle ya ɓoye ta.

Malam Jibo: Edict ɗin ma yana da magani. Leyline of Sanctity yana ba ɗan wasan kansa kau-da-bara. In yana fage ba ka iya saita mutumin, ko Lightning Bolt ba ka jefa masa a fuska.

Usman Kashere: Hamma, kun ce in babu kalmar babu saiti. To Pacifism fa? Na duba nawa yanzu, babu ita a jiki, amma an hana ni liƙa wa dabba mai kau-da-bara.

Hamma Buba: Yawwa, ka taɓo inda ƙa'idar take da ƙofar baya. Katunan liƙawa irin Pacifism, saitinsu yana ɓoye a cikin kalmar enchant da ke layin farko. Doka ce ta ce duk lokacin da ka buga irinsu daga hannu, suna saita abin da za su manne wa. Haka ɗaura wa dabba kayan yaƙi, ikon equip saiti ne, in katin yana da ƙananan rubutun bayani za ka gan shi a ciki. Amma ga abin daɗin. Katin liƙawa yana saiti ne kawai in buga shi aka yi. In wata hanya ce ta kawo shi fage, babu saiti, zaɓi kawai za ka yi. Misali Pacifism yana maƙabartarka, ka sauko da Sun Titan, wanda yake dawo da kati mai zama a fage da kuɗinsa bai wuce 3 ba. Pacifism 2 ne. Yana dawowa sai ka ce na liƙa wa Carnage Tyrant, kuma ya zauna daram.

Ummi: Kai! Wannan ba ha'inci ba ne?

Hamma Buba: Halas ne tsantsa, lamba 303.4f. Sai dai fari ne, ba launinki ba.

Adda Fa'iza: Amma a bambanta da mai kariya daga launi, don shi wannan dabarar ba ta cinsa. Kariya daga launi abu huɗu take hanawa daga wannan launin: duka, liƙawa ko ɗaura kaya, tarewa a yaƙi, da saiti. Dabba mai kariya daga fari ba ta karɓar Pacifism ta kowace hanya. Abin da bai shiga cikin huɗun nan ba kuwa yana cinta. White Knight yana da kariya daga baƙi, Doom Blade ba ya saita shi, amma Damnation baƙi ne kuma yana kashe shi, don hallakawa ce ta kowa da kowa, ba duka ba, ba saiti ba.

Malam Jibo: Wata shawara a gefe, tunda yawancinmu bugo katunan muke yi a shagon kwamfuta mu saka a leda. Wasu hotunan da ake saukewa na tsofaffin bugu ne, rubutunsu ya canza. Tsohon Lightning Bolt yana cewa dabba ko ɗan wasa, na yanzu yana cewa kowane abin saiti, tun gyaran da aka yi a 2018 lokacin Dominaria. In gardama ta tashi a duba rubutun katin a Gatherer, shafin katunan na Wizards, shi ne na hukuma, ba abin da ke kan takardar ba.

Sadiq Pantami: Akwai wanda ya buga min Lightning Greaves, sai ya zo zai ƙara wa dabbarsa Giant Growth aka ce ba zai iya ba. Dabbarsa ce fa.

Usman Kashere: Wannan shroud ne, lulluɓi. Ya fi kau-da-bara tsauri, don har mai dabbar ba ya iya saita ta. Swiftfoot Boots shi ne mai kau-da-bara, kai kana iyawa, abokin gaba ba ya iyawa.

Hamma Buba: Lulluɓin ne ma ya riga zuwa, a 2007 aka ba shi suna, kau-da-bara kuma a 2011. Mai Greaves in yana son ƙara wa dabbarsa wani abu sai ya fara matsar da takalmin zuwa wata dabbar, tunda ɗaurawar kyauta ce. Amma a zagayensa kawai zai iya, lokacin da tari babu komai, kuma da zarar takalmin ya bar ƙafarta dabbar a buɗe take ga kowa. Mai Murder da ya iya wasa wannan lokacin yake jira.

Adda Fa'iza: Ni wanda nake so mu tattauna sosai shi ne ward, kuɗin ƙofa, wanda ya shigo a 2021 da Strixhaven, don yanzu ya cika sababbin katuna kuma mutane suna ɗaukarsa kamar ƙanin kau-da-bara. Ba haka yake aiki ba. Dabba mai kuɗin ƙofa 2 halas ne ka saita ta. Da ka saita, ikonta zai tashi ya hau tari a kan katinka: ko ka biya ƙarin 2, ko a soke katinka. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, katin da aka rubuta ba a soke shi, irin Abrupt Decay, zai wuce ko ba ka biya ba. Na biyu, ba dabba kuɗin ƙofa bayan an riga an saita ta ba ya amfanar komai, don lokacin tashinsa ya wuce. Kau-da-bara ana iya kawo shi a makare ya yi aiki, kuɗin ƙofa sai an riga an kafa shi.

Sadiq Pantami: Ashe kuɗin ƙofa shi ne ya yi kama da namu na Yu-Gi-Oh!, a bakin shiga kawai ake tambaya.

Ummi: Adda, Abrupt Decay ɗin tunda ba a soke shi, ke nan ko an ba dabbar kau-da-bara zai kashe ta?

Adda Fa'iza: Ba zai kashe ba. Rasa saiti ba sokewa ba ne. Babu wanda ya soke katin, shi ne ya zo ya tarar babu abin da zai yi wa aiki. Blossoming Defense yana maganinsa, Counterspell ne ba ya iyawa.

Usman Kashere: Cloudshift ma haka, ko? A fitar da dabbar a dawo da ita nan take.

Hamma Buba: Haka ne. Abin da ya bar fage ya dawo, a idon doka sabon abu ne ko da kati ɗaya ne a idonka. Wanda aka saita ya tafi. Sai dai duk abin da ka liƙa mata zai faɗi, ƙarin da ta tara ma ya tafi, ka lissafa kafin ka yi.

Malam Jibo: To ga inda nake son a tsayar da magana ɗaya saboda zaman da muke yi a Tumfure. Sabon yaro ya jefa Murder a kan mai kau-da-bara don bai lura ba, muna mayar masa da katinsa hannu, ya tayar da filayensa. Ya jefa a kan mai kuɗin ƙofa ba shi da abin biya, wasu suna cewa katin ya tafi. A wajen yaron kuskure iri ɗaya ne, bai karanta katin abokinsa ba. Me ya sa hukunci biyu?

Hamma Buba: Don na farko bugun haramun ne tun asali, doka ta ce a warware shi a koma yadda ake. Na biyu bugun halas ne da bai yi riba ba. Wannan a hukumance ke nan.

Malam Jibo: A hukumance na sani. Ina maganar zaurenmu ne, inda ba kuɗi ake sawa ba, ba kofi ake ci ba. Ni a ganina a mayar masa, a nuna masa layin, a ci gaba. Yaron da aka cinye wa kati a kan abin da ba a taɓa gaya masa ba, mako mai zuwa ba za ka gan shi ba, kuma ba mu da yawan da za mu riƙa zubar da mutane.

Usman Kashere: Na yarda in sabo ne. Amma a sa iyaka. In na riga na amsa, ya ga katin da ke hannuna, ba zai ce ya fasa ba ko ya canza saiti. Ya riga ya samu labarin da bai kamata ya samu ba.

Adda Fa'iza: Iyakar Usman ita ce daidai. Matuƙar ba a nuna wani sabon kati ba, a bar sabon shiga ya janye. Kuma mai dabbar ya riƙa faɗa da bakinsa lokacin da yake sauke ta, wannan tana da kuɗin ƙofa kaza. Takardunmu ba duka suke fita tas ba, wani rubutun sai ka kai shi kusa da ido.

Sadiq Pantami: Canza saitin nan, babu katin da ke yinsa ne sam?

Hamma Buba: Akwai, a shuɗi da ja aka fi samunsu. Redirect yana ba ka damar zaɓa wa wani kati da ke kan tari sabon saiti, Misdirection kuma yana juya kati mai saiti ɗaya. Sharaɗi dai sabon ya zama halas ga ainihin katin da mai shi. Doom Blade ba ya taɓa baƙar dabba, don haka ba ka juya shi kanta. Akwai wata tsohuwar dabara a nan da take burge ni har yau. An jefa wa katinka Counterspell, kana da Misdirection. Ba ka iya cewa Counterspell ya soke kansa, doka ta hana kati ya saita kansa. Sai ka juya shi kan Misdirection ɗin naka, wanda a lokacin yana kan tari yana cikin aiki, don haka halas ne. Yana gamawa ya wuce maƙabarta. Counterspell ya zo sauka, a yi dubawa ta biyu, a ga abin da ya saita ba ya nan, ya bi shi. Katinka na asali ya sauka lafiya.

Ummi: Sai na karanta wannan a hankali da katunan a gabana.

Usman Kashere: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Hex ya ce a hallaka dabbobi shida da aka saita. Abokina yana da huɗu. Zan iya ambatar ɗaya sau uku in cike?

Adda Fa'iza: Ba ka iyawa. Kalmar saitin sau ɗaya ta fito, da lamba shida a gabanta, don haka shida mabambanta ake nema. In babu shida a fage katin ba ya buguwa ma. In kana da biyu naka, sai dai ka haɗa da su. Seeds of Strength ne ya maimaita kalmar sau uku a layi uku, shi kana iya tara duka ukun a kan dabba ɗaya.

Ummi: To dabbar da take da saiti a jikinta fa? In babu abin saitawa ita ma ba ta buguwa?

Hamma Buba: Tana buguwa, don katin dabbar kansa ba ya saita komai. Sai ta shigo fage ikonta yake tashi, a lokacin ake neman abin saiti. In babu, ikon ya faɗi, dabbar tana nan. Amma ki kula da waɗanda ba su ba ki zaɓin fasawa ba. Flametongue Kavu 4/2 ne, in ya shigo yana yi wa dabbar da aka saita duka 4, kuma bai ce ta abokin gaba ba. In abin da ke gaban yayanki Carnage Tyrant ce kaɗai, ba ki iya saita ta, dole ki nuna ɗaya daga cikin naki. In kuma ba ki da wata, Kavu ɗin zai saita kansa ya mutu nan take. Ravenous Chupacabra shi an rubuta masa dabbar abokin gaba, don haka a irin wannan fagen zai shigo ya zauna, ikonsa ne kawai zai tafi a banza.